Hannun Lurwanu Ɗan Garba Sakka

Lurwanu ɗan Garba Sakka ya shekara tara yana haɗa wani abin sha da bai taɓa kai wa bakinsa ba, kuma waɗanda suka sha sun shaida babu mai hannu irin nasa a duk Jidda. A can yabo ne. Da ya dawo gida Makka, sai yabon ya zama shi ne laifin.

A Jarwal aka haife shi, inda mutanenmu suka fi yawa, a wani gida na langa-langa da katakon akwati. Ubansa Garba mutumin ƙasar Katsina ne, ya taho hajji a ƙafa, ya shekara shida a hanya. Da ya sauke farali ya waiwaya, ya ga hanyar ba ta ragu da ko taku ɗaya ba, sai ya zauna. Ya kama sana'ar ruwa, wadda a nan ake kiran mai yin ta sakka: garwa biyu rataye a sanda, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa randunan mutane. Ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu. Mahmudu, babban, ya gaji sandar da gidajen da ake kai wa ruwa. Lurwanu ya gaji kafaɗa, ya ƙara da wani hali da ba a san inda ya samo shi ba, wato tambaya. Tun yana ƙarami yake son a gaya masa abin da ya sa ruwan randa ke sanyi alhali randar cikin zafi take, da abin da ya sa gahawa ke da ɗaci amma manya ke miƙa kofi a ƙara musu. Ba a cika ba shi amsa ba. An fi ba shi garwa.

Lokacin babban yaƙin Turawa jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa, alhazai suka yi ƙaranci, gidajen haya suka zauna ba kowa, masu neman ruwa suka ragu. Sanda ɗaya ba ta ci da gida biyu. Lurwanu ya bar amaryarsa Sa'adatu a hannun yayansa, ya gangara Jidda. Ya yi dako a bakin teku wata huɗu, har wani kuku Basudane ya kai shi gidan wani Ba'amurke, injiniyan wani kamfani, wanda kowa ke kira Hawaja. A wancan zamani ana ƙyale Turawa su sha abinsu a bayan katangarsu.

Shara da guga aka ɗauke shi. Amma wata rana Hawaja ya dawo daga daji da hannun dama a ɗaure, ga shi lokacin shansa ya yi, sai ya kira Lurwanu ya tsaya a kansa yana nuna masa da haɓa. Kwalabe uku ne. Ta farko giyar ƙasarsu ce, wiski, wadda ake yi da wani siririn hatsi ɗan'uwan alkama, warinta yana hawa hanci kamar yaji. Ta biyu ja ce jawur, an ce saiwoyi ne da ɓawon itace, ɗaci zalla. Ta uku ruwan inabi ne mai zaƙi da aka jiƙa wa ganyayyaki. A zuba awo ɗaya da rabi na ta farko, awo ɗaiɗai na sauran, cikin wani ɗan tulun gilashi, a jefa ƙanƙara, a zura dogon cokali a juya sau talatin. Sannan a tace a tambulan, a yanko ɓawon lemu a murɗa shi a sama har mansa ya fesu a kan ruwan.

Juyawa ake yi, ba girgizawa ba. Hawaja mutum ne mai haƙuri, an ƙona masa riguna da dutsen guga bai ce uffan ba, amma a kan wannan ba ya wasa. Da gurgun Larabcinsa ya bayyana wa Lurwanu cewa ɗaci da zaƙi maƙiyan juna ne. In ka girgiza su ka haɗa su dambe, ruwan ya dagule ya yi kumfa. In ka juya a hankali, sai su gaisa su zauna.

Hannun Hawaja ya warke, bai karɓi cokalin ba. Lurwanu ya fi shi iyawa, kuma da hanci da kunne kawai ya koya. Ya gane cewa in ƙarar ƙanƙarar ta sauya daga ƙarau-ƙarau ta koma kamar ana raɗa, ta narke daidai. Ya gane in gilashin ya fara gumi daga waje, saura juyi biyar. Sauran ilmin a fuskar Hawaja yake karanta shi: kurɓar farko ya yamutsa fuska, ta biyu fuskar ta sake, ta uku ya jingina.

Bai jahilci hukuncin abin ba. Ya taɓa tambayar wani malami a Jidda, malamin ya ce tsinuwar ba mai sha kaɗai take hawa ba, har da mai zubawa da mai ɗauka da mai miƙawa, ya lissafa masa su goma cif. Lurwanu ya duba ya ga kansa a wuri uku. Ya yi godiya, ya ninke amsar ya ajiye kamar yadda ake ajiye likkafani: ana sane da shi, ba a gaggawarsa.

Bayan shekara tara hukuma ta hana shigo da giya ko ga Turawa. Ba a yi wata shida ba Hawaja ya gano cewa aikinsa a ƙasar ya ƙare. Ranar tafiya ya ba Lurwanu tulun gilashin da dogon cokalin. Lurwanu ya dawo Makka, ya tuba tuba ta gaskiya, ya yi umra ya yi aski, ya yi kuka a inda ake kuka. Yana kyautata zaton Ubangiji ya karɓa. Saura mutanen Jarwal.

Su kuwa ba su yi masa wulaƙanci ba. Mutane ne masu kunya. Suna zuwa barka da dawowa, su zauna, su tambayi zafin Jidda. Amma da zarar ya zuba shayi ya miƙa, sai baƙon ya dafa ƙirji ya ce yau yana azumi. Tsofaffi sun ce ba a taɓa yin azumin nafila a unguwar kamar na watan da Lurwanu ya dawo ba. Har Tijjani mai tsire, wanda azumin farilla ma da ƙyar yake kai shi, ya zo ranar Talata da maiƙo a leɓe ya ce yana ramuwa.

Mahmudu ya yi abin da ya kamaci ɗan'uwa, ya nemo masa sanda da garwa biyu. Lurwanu ya ɗebo ruwa ya bi gida-gida. Duk ƙofar da ya yi sallama, daga ciki za a ce Allah ya saka, randa a cike take. Randunan Jarwal suka koyi cika da kansu. Mutum ne da aka haifa a gidan ruwa, a garin da ba a san wata sadaka da ta fi shayarwa ba, ga shi babu mai karɓar ko kurɓa ɗaya daga hannunsa sai matarsa. Yakan zauna a tsakar gida ya yi ta kallon tafin hannun. Bai ga ya sauya ba.

Zaman banza shi ya ta da tsohuwar tambaya. Shekara tara yana mamakin abu ɗaya: shin wa ke sasanta ɗaci da zaƙi a cikin tulun nan, giyar ce ko cokalin? In giyar ce, to sulhun Shaiɗan ne, a bar masa kayansa. In kuwa cokalin ne, ashe akwai wani abu a cikin shekarun nan tara da ba sai an tuba daga gare shi ba. Mai hankali a halinsa zai binne cokalin nan a bayan gida. Lurwanu ya wanke shi ya goge.

A madadin wiskin ya gasa sha'ir har ya kusa ƙonewa, ya dafa da citta da masoro don ya hau hanci. A madadin jar kwalba ya samo ɓawon maɗaci wajen wani alhaji da ya taho da shi daga Zazzau, ya jiƙa da zoɓon Sudan don launi. Zaƙin kuwa zabibin Ɗa'ifa ne, ya jiƙa da safe ya matse da la'asar, da ɗigon ruwan wardi. Ƙanƙara sai ya taka har kasuwa, ya naɗo ɗan guntu a tsumman buhu ya dawo da gudu, rabi ya rage masa. Na farko ya fito kamar ruwan wankin tukunya. Na biyar ya sa shi tari har maƙwabta suka aiko sannu. Ya roƙi Sa'adatu ta ɗanɗana, ta ce ita ba ta yi laifin da za a yi mata wannan hukunci ba.

Wata la'asar Rabi maƙwabciyarsu ta leƙo aron turmi, ta tarar da shi ya ɗaga tambulan ja zuwa hasken rana yana kallo, ga kwalabe uku a gabansa. Ta manta da turmin. Kafin faɗuwar rana labarin ya kai unguwar Misfala, inda aka ce kwalaben bakwai ne.

Mahmudu ya san in maganar ta isa kunnen mai unguwa, daga nan sai dogaran hukuma, kuma su ba sa yawan tambaya. Don haka washegari bayan la'asar ya zo da Malam Wada, limamin ɗan masallacin lungu, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, da Tijjani a matsayin shaida. Malam ya sa aka bar ƙofa a buɗe, wai saboda zafi. Nan da nan lungun ya cika da mutanen da suka tuna suna da sha'ani a wajen.

Aka ajiye tambulan ɗin jiya a tsakiyar tabarma, aka zauna ana kallonsa. Nan matsala ta bayyana. Kafin a ce abu giya ne sai wanda ya san giya ya shaida, kuma duk wanda ya ce ya sani ya shaida a kan kansa. Tijjani ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago zai yi magana, ya ga idanu a kansa, sai ya ce shi mura yake yi. Mahmudu ya ce shi ko a mafarki bai taɓa ganin ta ba. Mutum ɗaya tak ne a ɗakin ya san warin giya, shi ne wanda ake tuhuma.

Malam Wada ya ce a zubar da na jiya, a haɗa sabo a gabansu tun daga tushe. Lurwanu ya jera kaya yana faɗin sunan kowanne. Malam ya tambayi yaushe aka jiƙa zabibin, aka ce bayan asuba. Ya duba ya ga babu kumfa, ya ce jiƙon da bai kwana ba ba shi da laifi. Ya tauna ɗan maɗacin ya tofar. Har nan alƙali ne. Amma da Lurwanu ya zura cokalin ya fara juyawa, bayan cokalin na bin jikin gilashi, ƙanƙara na zagaye ba tare da ta bugi komai ba, sai tsohon ya matso. Ya tambayi me ya sa ba za a girgiza a huta ba. Lurwanu ya gaya masa. Ya tambayi me ya sa talatin. Lurwanu ya ce ba lissafin ba ne, a saurara. Duk ɗakin ya yi tsit, har na lungu, manyan mutane suna kasa kunne ga guntun ƙanƙara. Ƙarar ta sauya. Malam ya ce lalle ta sauya.

Aka tace, aka murɗa ɓawon lemu, ƙanshi ya tashi. Saura wanda zai sha. Mahmudu ya ce mai abu ya sha abinsa a gani. Tijjani ya ce ai wanda ya saba ba ta kama shi.

Lurwanu ya ce, “Ban saba ba. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba.”

Tijjani ya ce, “To kai da ba ka san ɗanɗanon waccan ba, ta yaya za ka gane in wannan ta yi kama da ita?”

“Ba zan gane ba.”

“Wata biyu kana kwaikwayon abin da ba ka sani ba?”

“Na san yadda fuskar mai sha take yi,” in ji Lurwanu. “Tawa ce ba na iya gani.”

Daga bayan labule Sa'adatu ta ce ita tana gani kullum, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Malam Wada ya daɗe yana duban tambulan ɗin. Ya ce ya ga abin da aka zuba da idonsa, kuma bai taɓa karanta cewa cokali na mayar da halal haram ba. Amma waɗanda suka san shi sun ce ba hujja ce kaɗai ta motsa shi ba, tun da aka murɗa lemun nan yake haɗiyar yawu. Ya miƙa hannu. Lurwanu ya ɗauki tambulan zai ajiye a gabansa kan tabarma, yadda ya koyi yi a watannin nan don kada ya kunyata baƙo. Malam bai janye hannun ba, sai da aka sa masa a ciki. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare kamar bakin jaka. Ya sake kurɓa. Lurwanu ya tsura masa ido. Fuskar ta ɗan sake, ba duka ba, amma ta sake.

Aka zauna jiran abin da zai faru. A nan ma babu wanda ya san abin da ake jira, dole aka sake tambayar wanda ake tuhuma. Lurwanu ya ce shi dai Hawaja in ta kama shi, yakan fara tuɓe takalmi, sannan ya rera wata waƙa guda ɗaya da yake da ita, sannan ya shiga zancen uwarsa. Kowa ya dubi bakin ƙofa, inda takalman duk mutanen ɗakin ke jere. Aka amince a tsallake alamar farko.

Malam ya ci gaba da kurɓa yana lumshe ido. Can sai ya ce maɗacin nan na gaskiya ne. Ya ce a ƙauyensu, in damina ta faɗi, mahaifiyarsa takan jiƙa shi a ƙwarya ta jera su ta ɗura musu saboda zazzaɓi, in sun shanye ta lakato zuma a yatsa ta sa wa kowa a harshe. Ya ce shekara sittin ke nan bai tuna yatsan nan ba, akwai tabon wuƙa a jikinsa. Mahmudu ya dubi Tijjani. Tijjani ya dubi rufin ɗaki. A lungu wani ya fara salati ƙasa-ƙasa.

“Mahmudu, daina kallona,” in ji Malam. “Mutum yakan tuna uwarsa ba sai ya bugu ba.”

Don a kawar da shakka ya miƙe ya taka daga bango zuwa bango, ya dawo ya zauna ya jawo shafi biyu daga Baƙara da ka. Babu wanda ya kama shi da kuskure, ko da yake babu mai iya kama shi ko da ya yi. Sannan ya yanke hukunci da murya mai isa lungu. Ya ce abin nan halal ne. Ya ce amma Allah ya halatta abubuwa da yawa waɗanda bai ce dole a sha ba, wannan yana cikinsu. Lurwanu ya tambaye shi ko ɗacin da zaƙin sun zauna lafiya. Malam ya yi tunani, ya ce sun gaisa dai, amma bai ga alamar za su haɗa zuri'a ba. A rage maɗacin.

Ya ce a ba shi ruwa ya wanke baki. Lurwanu ya juya wajen labule zai kira Sa'adatu.

Malam ya ce, “Ita ta sa mini ɗacin? Wanda ya ɓata bakin shi zai kawo ruwan.”

Lurwanu ya tashi ya je randa. Ruwan da ke ciki shi ya ɗebo shi da safe daga bazan, ya zaga da shi gida takwas ya dawo da shi. Ya cika moɗa ya kawo. Malam ya karɓa, ya juya yana fuskantar ƙofa, ya sha a numfashi uku, ya yi hamdala. Ya miƙa wa Mahmudu sauran. Mahmudu ya riƙe moɗar ya ɗan jima, sannan ya shanye, bai ɗago ya dubi ƙanensa ba.

Jarwal ba ta juya a rana ɗaya ba. Gidan Malam ne ya fara kira, sai gidan Tijjani, wanda ya ce shi dama tun farko bai yarda da zancen ba. Rabi ta yi sati uku, sannan wata safiya ta ce daga bayan ƙyaure a cika musu randa, kuma a yi a hankali kada a jiƙa mata zaure. Da hajji ya zagayo, Mahmudu ya sa shi cikin masu kai ruwa tantunan Arfa, inda dubban mutane suka sha daga hannunsa ba wanda ya tambayi inda hannun ya taɓa zama.

Bai bar cokalin ba. Duk Alhamis bayan la'asar yakan haɗa tambulan biyu, Malam Wada ya zo ya sha ɗaya ya ce har yanzu da saura. An rage maɗacin sau da yawa, sai Malam ya ce an kashe abin, a mayar. Ba su taɓa daidaitawa ba.

Gida biyu a Jarwal ba su karɓi ruwansa ba har ya ajiye sanda. Kullum da safe yakan wuce ta ƙofarsu da garwa cike, ya yi sallama, su amsa.